Isan, Inda Muke Koyar da Turanci a Ƙasar Shinkafa

Da wuya a samu ɗan makarantar da bai taɓa jin sunan Tailan ba, ko da bai taɓa neman ta a taswira ba. Shekara da shekaru buhunan shinkafarta sun sha cika rumfunan kasuwar Singa a Kano, har “'yar Tailan” ta zama suna a bakin masu sayar da abinci. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, ƙasar da ke sayar wa duniya shinkafa ita ma akwai abin da take saye daga waje, wato bakin da zai yi wa 'ya'yanta Turanci. Dubban baƙi ne ke koyarwa a makarantun gwamnatinta: 'yan Filifin, waɗanda suka fi kowa yawa, da Turawa, da 'yan Afirka daga Kamaru da Gana da Kenya da Najeriya. Mu uku ne a cikinsu daga arewacin Najeriya, biyu maza ɗaya mace, kowa da sakandaren da yake koyarwa a yankin da ake kira Isan. Duk sanda muka zo gida hutu tambayar ƙannenmu ɗaya ce: wai aikin nan da daɗi kuwa? Tun da gani ya kori ji, bari mu ɗan zaga da ku wurin.

Daga Kano jirgi kan bi da mutum ta Adis Ababa ya sauke shi a Bankok, babban birnin ƙasar. Agogonsu yana gaban namu da awa 6. Kalandarsu kuma tana gaban ta Turawa da shekara 543, domin da lissafin addinin Buda suke aiki, saboda haka shekarar 2025 a wurinsu 2568 ce, kuma ita ake rubutawa a saman allo. Daga tashar mota ta Mo Chit sai a ɗauki babbar hanyar arewa maso gabas, a wuce Nakhon Ratchasima, a isa Khon Kaen bayan tafiyar kimanin kilomita 450. Hannun hagu suke tuƙi, don haka sai baƙo ya sake koyon tsallaka titi.

Isan shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ce mai larduna 20, tana ɗauke da kusan kashi ɗaya cikin uku na mutanen Tailan, kuma kogin Mekong ne ya raba ta da ƙasar Laos. Ba ita ce Tailan ɗin da ake nunawa a hotuna ba, mai bakin teku da otal-otal. Nan gonaki ne iya ganinka, na shinkafa da rogo da rake, ga jar ƙasa, ga ɓauna a fadama ana kiwon ta kamar saniya. Lokutan shekara kusan irin namu ne: bazara daga Maris zuwa Mayu, zafi har ya kan haura digiri 40, sai damina zuwa Oktoba, sai ɗan sanyi daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Yankin yana cikin mafi talauci a ƙasar, kuma ci-rani ya yi masa katutu. Iyaye da yawa suna Bankok suna tuƙin tasi ko aikin gini, 'ya'yan na hannun kakanni. A gida yaro yana magana da harshen Isan, ɗan'uwan na Laos, a makaranta ya yi harshen Tai, Turanci kuwa na uku ne. Wannan kaɗai ya sa muka ji kamar mun san yaran tun kafin mu san sunayensu.

Me ya sa har suke hayar baƙi? Tailan, wadda ake kira Siyam kafin 1939, ita kaɗai ce a kudu maso gabashin Asiya Turawa ba su yi wa mulkin mallaka ba. Abin alfahari ne gare su, sai dai ya bar Turanci a bakin ƙofa. Kotu da asibiti da jarida da lissafi da kimiyya, duk da harshen Tai ake yi, da rubutunsu na kansu mai baƙaƙe 44, wanda ba a ma raba kalmomi a cikinsa. Yaro na iya wuni, ya kwana, ya yi mako bai ga dalilin furta kalmar Turanci ɗaya ba. Amma ƙasar tana cin abinci da baƙi, domin a 2019 masu yawon buɗe ido kusan miliyan 40 ne suka shige ta, kuma ƙungiyar ƙasashen yankin, ASEAN, da aka kafa a Bankok a 1967, da Turanci take aiki. Hayar malami daga waje ma tsohuwar al'ada ce. Tun a 1862 Sarki Mongkut ya ɗauko wata mata mai suna Anna Leonowens ta koyar da 'ya'yansa Turanci a fada.

Tsarin karatun bai zame mana baƙo ba. Firamare shekara 6, sakandare shekara 6, ita suke kira Matayom: aji 1 zuwa 3 kamar ƙaramar sakandarenmu, 4 zuwa 6 kamar babba. Zango biyu ne a shekara, na farko daga tsakiyar Mayu zuwa farkon Oktoba, na biyu daga Nuwamba zuwa Maris.

Ranar aiki kan fara ne a bakin ƙofa. Malamai na karɓa-karɓar tsayuwa tun kafin bakwai da rabi, kuma duk ɗalibin da ya shigo sai ya haɗa tafukan hannunsa a gaban fuska ya sunkuyar da kai. Gaisuwar kenan, sunanta wai. A makarantar da ɗalibai suka haura dubu biyu, kafin a rufe ƙofa wuyan malami ya gaji da amsawa. Ƙarfe takwas daidai ana ɗaga tuta, a rera taken ƙasa, a yi addu'o'in Buda, sannan jawabin shugaban makaranta ya biyo baya, wanda wani lokaci kan cinye rabin darasin farko. Taken nan ana sa shi a tashoshi da wuraren taruwa safe da yamma, takwas da shida, kowa ya tsaya cak inda yake. Kowace rana ta mako da launinta: Litinin rawaya, Talata ruwan hoda, Laraba kore, Alhamis ruwan lemo, Juma'a shuɗi. Ran Litinin malaman gwamnati kan sa kaki mai anini a kafaɗa, kai ka ce jami'an kwastan ne. Ɗalibai kuwa sai sun tuɓe takalma a bakin aji su jera su, su shiga da safa, su kuma ke share ajin da kansu. Wuta ba ta ɗaukewa, fanka na juyawa, azuzuwa da yawa akwai majigi ko talbijin. Wanda ya taɓa koyar da yara tamanin a ajin da babu benci ya san abin da wannan ke nufi, kuma ba za mu ɓoye ba, ya burge mu, har ya ɗan sosa mana rai.

Cikin ajin ne labari yake sauyawa. Baƙon malami ba nahawu aka kawo shi koyarwa ba, wannan aikin malaman ƙasa ne, kuma sun iya shi. Namu shi ne sauraro da magana. Darasi minti 50 ne, amma babu tazara tsakanin wani darasi da wani, sai yara su taso daga wani gini su iso bayan minti goma. Aji ɗaya ya kan kai mutum 40 zuwa 50. A mako muna da darussa wajen 20, kuma kusan kowane darasi sabon aji ne, wato kowane yaro sau ɗaya yake ganinmu a mako. Ku yi lissafin da kanku: aji 20 sau 40, yara 800 kenan a hannun malami ɗaya. In aka raba minti 40 ga yara 40, kowa ya samu minti ɗaya na magana a mako, in har malamin bai ce uffan ba. A kan wannan kuma sai a cire ranakun wasannin makaranta, da atisayen sikawut, da bukukuwa, da ranar da za ka isa aji ka tarar da takalmi ko ɗaya babu a ƙofa, domin an kwashe yaran zuwa wani taro kuma sanarwar da harshen Tai aka yi ta. Wannan shi ne babban ciwon aikin. Malami yana son ya ga shukarsa ta tsiro, a nan kuwa yayyafi kake yi a gona mai faɗin gaske.

Da ka shiga, shugaban aji zai ba da umarni, kowa ya miƙe, su haɗa baki: “Good morning, teacher!” Ka tambaye su lafiya, su rero maka amsar da suka haddace tun firamare, ba ko tuntuɓe. Amma ka ware yaro ɗaya ka tambaye shi me ya ci da safe, sai ya sunkuyar da kai, ya yi murmushi, ya waiwayi abokinsa. Ba daƙiƙanci ba ne. A takarda wasu sun fi ɗalibanmu na gida sanin ƙa'idojin nahawu. Tsoron kunya ne. A al'adarsu zubar da mutunci a gaban jama'a babban abu ne, don haka gara yaro ya yi shiru da ya faɗi kuskure a yi masa dariya. Malami ma haka dokar take a kansa. In ka ɗaga murya ko ka ɓata rai, kai ne ka ji kunya, ba yaron ba, kuma ajin zai rufe maka ƙofar zuciyarsa har ƙarshen zango. Ba a taɓa kan mutum, ba a nuna abu da ƙafa. Abin da ke buɗe bakinsu shi ne wasa. Suna da kalma, sanuk, wato abu ya zama da nishaɗi, kuma darasin da babu sanuk a cikinsa ya mutu tun kafin a fara. Da gasa tsakanin layi da layi, da kwaikwayon ciniki a kasuwa, da 'yan kacici-kacici muke samun kansu. Mu da muka tashi a hannun malamai masu tsumagiya, a nan muka koyi riƙe aji da fara'a kawai, kuma wannan ilimi ne da za mu dawo da shi gida.

Furucinsu ma abin nazari ne. Harshen Tai ba ya ƙare kalma da “l”, sai ya mai da ita “n”, shi ya sa ƙwallon ƙafa a bakinsu futbon ce. In baƙaƙe biyu suka haɗu a farkon kalma sukan cusa wasali a tsakani, kamar dai yadda Bahaushe ya yi ya samu firamare da buroshi da sukundireba. Suna rikita “r” da “l” yadda muke rikita “p” da “f”. A nan muna da wata fa'ida da Bature ba shi da ita: mu ma a aji muka koyi Turancin nan, mun san inda yake tsaya wa mutum a maƙogwaro. Sannan harshensu mai karin sauti ne kamar namu. Kun san yadda kuka na hawaye ya bambanta da kuka ta miya, alhali rubutu ɗaya ne. To su karin sauti biyar gare su, kalmar maa tana iya zama zuwa, ko doki, ko kare, gwargwadon yadda murya ta hau ko ta sauka. Kunnen Bahaushe yana kama wannan da wuri, har malaman ƙasa kan yi mamaki.

Sunayensu na yanka dogaye ne, don haka kowa na da laƙabin da iyaye suka sa masa tun yana jariri: Nok wato tsuntsu, Lek wato ƙarami, Daeng wato ja. In hira ta ƙi tafiya da samari kuwa, ƙwallo ce mabuɗi. Kulob ɗin Leicester City na Ingila mallakar wani kamfanin Tailan ne, King Power, kuma Ahmed Musa da Wilfred Ndidi da Kelechi Iheanacho duk sun buga masa wasa. Yaron da bai iya haɗa jimla a kan abincin safe ba, sai ka ji shi yana ƙoƙarin bayyana maka ƙwallon da aka ci daren jiya.

Akwai wani abu da ya daɗe yana damun mu, wato batun maki. A aikace, ba a kayar da yaro. In ɗalibi ya faɗi, malami ne zai sake shirya masa jarrabawa, in ya sake faɗi a ba shi wani aiki, har dai a samu abin da za a rubuta masa ya wuce. Hujjarsu ita ce kada a jefar da ɗan talaka a hanya, kuma hujja ce mai nauyi a yankin da yaro zai iya barin makaranta ya bi iyayensa ci-rani. Amma yaran sun san da haka, kuma na bayan aji sukan kwanta a kansa. A ganinmu an tausaya wa yaro yau an cuce shi gobe, domin ranar da zai tsaya gaban mai ɗaukar aiki a otal ko kamfani, babu wanda zai sake shirya masa wata jarrabawar. Baƙon malami ba shi da bakin faɗin wannan a taron malamai. Sau da yawa ma ba a kiran sa taron.

Sai dai fa wajen girmama malami, ba mu taɓa ganin irinsa ba. A watan Yuni, wata ranar Alhamis, kowace makaranta tana bikin Wai Khru, wato gaishe da malamai. Kowane aji ya kwana yana ƙawata faranti da furanni, kuma kowane abu a farantin da ma'anarsa: wani ɗan fure mai tsini yana nufin kaifin basira, furen gauta da ke sunkuyawa yana nufin tawali'u, wata ciyawa mai yaɗo da ba ta mutuwa tana nufin juriya, gugguren shinkafa kuma ladabi. Malamai su zauna a kan kujeru, yara su taho da gwiwa su miƙa farantin, su kai goshi kusa da ƙasa. Wasu har da hawaye. Ga Musulmi wannan wuri ne mai wuyar zama, domin mun san wa ake kai wa goshi ƙasa. Tun kafin ranar muka yi wa shugabanninmu bayani cikin lalama, suka fahimta, aka sa yaran da za su zo gabanmu su tsaya a kan gaisuwar hannu. Haka ma lokacin addu'ar safe, mukan tsaya cikin natsuwa ba tare da mun haɗa hannu ba, babu wanda ya taɓa ce mana don me. 'Yar'uwarmu da hijabinta take shiga aji. A wajen makaranta ma sunan malami yana da daraja: mai shago ya yi maka ragi, kakar wani ɗalibi ta aiko maka da mangwaro, maƙwabci ya kai ka asibiti da motarsa ya ƙi karɓar ko sisi.

Yanzu ga maganar da ƙannenmu suka fi son ji, kuɗi. Kuɗinsu baht ne. A garuruwan lardi ɗaki mai kyau ya kan kama baht 3,000 zuwa 5,000 a wata, farantin abinci a bakin titi 40 zuwa 60. Albashi ba ya makara. Amma albashin ba ɗaya ba ne, kuma a nan ne zuciya ke ɓaci. Kasuwar ta raba malamai gida biyu: waɗanda ake ɗauka Turanci harshen uwarsu ne, wato masu fasfon Ingila da Amurka da Kanada da Ostireliya da New Zealand da Ireland, sai kuma sauranmu. Na farko ana yi musu tayin baht 30,000 zuwa 40,000 a makarantun gwamnati. Ɗan Filifin ko ɗan Afirka kuwa sau da yawa rabin haka ko kashi biyu cikin uku ake ba shi, alhali aji ɗaya, allo ɗaya, awa ɗaya. Za ka ga saurayin da ya karanci wani fanni daban, bai taɓa riƙe alli ba, ya fi mai digirin koyar da Turanci da shekara goma a aji albashi, saboda launin fasfonsa kawai. Ba fasfo kaɗai ba. Tallan neman malamai kan ce a haɗo da hoto, kuma kowa ya san abin da ake dubawa. Ƙasa ce da tallan man bilicin ya cika talbijin, har su kansu mutanen Isan, da suka fi na Bankok duhun fata, suna shan gori a kan haka. Wasu makarantun kan fake da cewa iyayen yara ne ke son ganin farar fuska a bakin ƙofa. Yaran dai ba ruwansu. Makon farko za su yi ta kallon ka, wani ya nemi taɓa gashinka, zuwa wata guda ka zama malaminsu kawai.

Gaskiya ɗaya da ya kamata mu ƙara: sabon malamin gwamnati ɗan ƙasa yana farawa da ƙasa da baht 20,000, don haka shi ma yana kallon albashin baƙo da ɗan ƙorafi. Amma shi ma'aikacin gwamnati ne, yana da ƙarin girma, da fansho, da kulawar asibiti har ga iyayensa. Baƙo kwantiragin shekara ɗaya yake ci, wani lokaci ma na wata goma ko goma sha ɗaya, ba a biyan sa kuɗin dogon hutu. Ko ya shekara goma yana nan a matsayin da ya shigo. Hausawa sun ce baƙo raɓa ne, kuma tsarin aikin kansa a kan haka aka gina shi.

Takardu kuwa sai an yi haƙuri. Dole ne digiri na farko, a kuma tantance shi. Wanda ba ya cikin waɗancan ƙasashe shida sai ya kawo sakamakon jarrabawar Turanci, mafi yawa TOEIC, da maki 600 ko sama. Sai takardar 'yan sanda ta shaidar rashin laifi. Ɗan Najeriya kuma sai ya haɗa da takardar wankewa daga hukumar NDLEA kafin ofishin jakadancin Tailan da ke Abuja ya duba batun bizarsa. Bizar aiki ake nema, wadda ake kira Non-B, in an isa a karɓi izinin aiki, sannan Majalisar Malamai ta ƙasar ta ba da izinin koyarwa na wucin gadi, na shekara biyu, wanda ake sabuntawa amma ba har abada ba. Kowane kwana 90 sai ka sanar da hukumar shige da fice inda kake zaune. Izinin aikin a ɗaure yake da makarantar da ta ɗauke ka, ranar da kuka rabu zamanka a ƙasar ya shiga rawa. Wannan ne ya sa malami kan haɗiye abubuwa da yawa.

Tsakanin malami da makaranta sau da yawa akwai dillali, kamfanin da ke karɓar kuɗin daga makaranta ya yanki nasa ya miƙa maka saura. Akwai na kirki a cikinsu, akwai kuma wanda ya taɓa riƙe wa ɗayanmu albashin watan ƙarshe da hujjar da har yau ba mu gane kanta ba. Wanda ya fi haɗari shi ne mai ce maka ka shigo da bizar yawon buɗe ido, “in ka iso ma gyara”. Aiki da wannan biza laifi ne, kuma wanda ya wuce wa'adin zamansa tarar baht 500 ce a kowace rana, har zuwa 20,000, bayan tsarewa da kora da hana dawowa. Akwai ma abin da ya fi wannan muni. A 'yan shekarun nan an yaudari matasa da dama, har da 'yan Afirka, da tallan aiki a Tailan ta intanet, suna sauka aka wuce da su ta garin Mae Sot aka tsallaka da su Myanmar, aka kulle su a gidajen damfara ana tilasta musu aiki. Makarantar gaskiya tana da suna da adireshi da wasiƙar gayyata mai hatimi, kuma ba ta gaggauta ka. Sannan duk baƙo ya kiyaye bakinsa a kan gidan sarauta, a aji ko a Facebook, domin sashe na 112 na dokar laifuffukansu ya tanadi ɗaurin shekara 3 zuwa 15 ga wanda ya taɓa mutuncin sarki.

Zaman Musulmi a Isan sai da dabara. Musulmin Tailan sun fi yawa a kudu, a lardunan Pattani da Yala da Narathiwat, inda rikici ya ɓarke tun 2004 har ya sha rutsawa da malaman makaranta. A namu yankin tsiraru ne, masallaci sai a babban gari. Juma'a ranar aiki ce cur, sai wanda ya yi sa'ar shugaba mai fahimta ya bar masa gurbi a jadawali. Naman alade yana cikin kusan kowace tukunya, har a romon da ake ce maka na kayan lambu ne. Mun koyi neman tambarin halal a jikin kaya a shagunan 7-Eleven, mun koyi girki, mun kuma saba da abincin yankin da ya halatta: shinkafa mai danƙo da ake dunƙulawa da hannu kamar tuwo, da som tam, kwaɗon ɗanyen gwanda da ake dakawa a turmi da barkonon da zai sa ɗan Kano neman ruwa. Azumi a aji mai yara hamsin, bakinka bai huta ba tun safe, shi ma jarrabawa ce. Ranar Salla kuwa babu hutu, babu hawa, babu kiɗan kalangu. Ka idar da sallar idi in ka samu, ka hau babur ka koma darasi na uku, ka jira dare ya yi, a lokacin gida suna la'asar, ka kira waya a nuna maka yara da sababbin kaya.

A farkon Maris 'yan aji shida ke bankwana. Ƙannensu su cika musu riga da furanni da alewa, su yi ta rubuta musu saƙo a jikin yunifom, su kuma su bi malamai ofis-ofis ana ɗaukar hoto. A cikin yara 800, waɗanda za su tsaya su yi maka hirar minti biyar da Turanci ba tare da sun waiwayi aboki ba, ba su fi a ƙirga da yatsu ba, amma akwai su, kuma a watan Mayun da ya wuce ba su iya ba. Wata za ta ce maka ta samu gurbi a Jami'ar Khon Kaen za ta karanci aikin jinya, wani ya ce zai bi yayansa aikin otal a Phuket. Daga nan makaranta ta yi tsit. Tsakiyar Afrilu, daga 13 zuwa 15, bikin Songkran ne, sabuwar shekararsu, gari ya koma filin watsa ruwa, 'yan ci-rani su cika motoci su dawo gaishe da tsofaffi. A wannan watan ne, wanda wasunmu ba a biyan su albashinsa, ake kawo mana takardar sabon kwantiragi. Bana biyu daga cikinmu sun sa hannu. Na ukun ya nemi a daidaita albashinsa da na abokin aikinsa Bature, an ce za a duba, kuma har muka taho hutu yana jiran amsa.